Takalmin Taya Da Ƙarfen Da Na Sa Aka Kafa A Tsakar Gidana

 Makon jiya na yi alkawarin za mu ci gaba da maganar yaye, amma ku yi mini afuwa, zan ɗage ta zuwa mako mai zuwa. Wata 'yar'uwa ta ajiye tambaya a ƙasan wancan rubutun, ta ce ɗanta ya hana ta sakat sai an saya masa takalmin taya, shin ta saya ko ta hana? Na fara rubuta mata amsa a wajen sharhi, sai na ga maganar ta fi ƙarfin wurin. Wannan takalmi ya kai ni asibitin ƙashi, ya kusa haɗa ni da surukata, kuma yanzu haka da nake muku rubutun nan ina jin ƙarar gurzarsa a tsakar gida.

Yaron nawa shekararsa 14. Sunan mahaifina gare shi, don haka Babana nake ce masa. Bara bayan Ƙaramar Sallah ya fasa asusunsa, ya haɗa da abin da ya samu na barka da Sallah, ya bi wani abokinsa Kano, suka shiga gwanjon Ƙofar Wambai ya sayo takalmin. Ban ga laifin abin ba. Mu nan Wudil tun da aka buɗe jami'a a 2001, wadda aka mayar wa suna Jami'ar Aliko Dangote a 2022, mun saba ganin baƙin abubuwa a jikin samari, kuma a ƙafar ɗalibai na fara ganin wannan takalmi. Na ce gara wannan da zaman majalisa. Ya yi ta faɗuwa a soro har ya iya, muna yi masa dariya.

Bayan kamar wata biyu maƙwabciyata ta shigo da wayarta a hannu, ta ce, "Maman yara, dubi wannan, kamar yaron wajenki." Hoton bidiyo ne wani ya ɗora a WhatsApp. Yara uku sun riƙe bayan Adaidaita Sahu tana jan su a kan babban titin da ya taso daga Kano ya nufi Maiduguri, dab da gada. Ranar Juma'a ce kuma. Duk wadda ta san Wudil ta san abin da Juma'a take nufi a wannan titi: tirelolin shanu na fita daga kara, tifofin yashi na hawowa daga kogi, masu babur na kutsawa ta ko'ina. Na uku a cikin yaran, mai jar riga, Babana ne. Sai da na zauna a ƙasa.

Da ya dawo ban tsaya jin ta bakinsa ba. Na karɓe takalmin na cusa a buhu na jefa saman sif, na ce ko sunansa kada in ƙara ji a gidan nan. Na kwanta ina jin na yi maganin abin.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya koma aron na abokinsa, wanda ya fi ƙafarsa girma. Kuma tun da ba ya iya kawo shi gida, duk abin da yake yi da shi a inda idona ba ya kaiwa yake yi. Mako uku bayan haka ya shigo da magariba ya wuce ɗaki, ya ce kansa ke ciwo, bai ci tuwo ba. Da asuba na gan shi yana ƙoƙarin ɗaga buta da hannun hagu, na dama yana rungume a ƙirji. Wuyan hannun ya kumbura ya ɗan karkace. Sai da babansa ya tsare shi sannan ya faɗi gaskiya: ƙarfen dafawa na wata matattakala ya yi tsalle zai hau ya zame a kai, irin yadda ya gani a waya. Taya ta kama ƙarfen, ya tafi da fuska, ya tare da hannu. Ya kwana da karaya saboda tsoron faɗana. Wannan daren har yau yana damuna fiye da karayar.

Hajiya, mahaifiyar maigidan, tana jin labari ta ce a kira mai ɗori. Ta ce shi ya ɗora babansu yana yaro, ga shi nan garau. Ni kuma na ce, "Hajiya, don Allah a bari a fara ɗaukar hoton ƙashin, in ya so duk abin da kika ce sai a yi." Ba ta ji daɗi ba, ta ce yaran zamani komai asibiti. Maigidan ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ɗauki makullin mota. A nan gari aka ɗauki hoton, likita ya duba ya ce karayar ta zo kusa da inda ƙashi ke tsiro, gara mu wuce Dala. Tafiyar kilomita 40 ce ko ɗoriya kaɗan, amma ranar ta yi mini tsawo.

Abin da aka yi mana bayani a can ya kamata kowace uwa ta sani. Ƙashin yaro ba kamar na babba ba ne. A ƙarshen dogayen ƙasusuwansa akwai wani wuri mai taushi, daga nan ƙashin ke ƙara tsawo har ya gama girma. A wuyan hannu wurin yana daidai inda ake yawan karyewa idan mutum ya faɗi ya tare da tafi. In karaya ta bi ta nan aka ɗora ta a karkace, hannun na iya girma a karkace ko ya gaza ɗan'uwansa tsawo, kuma ba za a gane ba sai an yi shekaru. Ba raina masu ɗori nake ba, akwai masu baiwa a cikinsu, amma hannu ba ya ganin abin da hoto ke gani. Babban haɗarin kuma shi ne ɗaurin da ya matse. Wuri yana kumbura, an zagaye shi da karare an tamke, jini ya kasa wucewa. Asibitin Ƙashi na Dala tun 1959 yake aiki, kuma ma'aikatansa sun sha karɓar yaran da aka kawo bayan hannu ya riga ya mutu, ba abin da ya rage sai yankewa. Ko ɗaurin gida ne ko na asibiti, idan kika ga yatsun yaro sun kumbura sun yi sanyi, ko sun sauya launi, ko ya ce ba ya jin su, ko ciwon ƙaruwa yake yi maimakon raguwa, kada ki jira gari ya waye.

An gyara masa hannun aka sa siminti, mako shida. A makonnin nan ne, yana zaune ba fita, na ce ya nuna mini abin da yake kallo a wayar da har ya sa shi hawa ƙarfe. Da farko ya ɗauka tarko ne. Da ya ga da gaske nake, bakinsa ya buɗe kamar ba shi ba.

Ga abin da na koya, daga bakinsa da kuma binciken da na yi da kaina. Takalmin da tayoyinsa ke jere a layi ɗaya ya yaɗu ne daga jihar Minnesota ta Amurka wajen 1980, lokacin da wasu 'yan'uwa biyu, Scott da Brennan Olson, masu wasan hoki na ƙanƙara, suka nemi abin da za su riƙa atisaye da shi idan ƙanƙara ta narke. Kamfaninsu ne ya zama Rollerblade. Daga baya samari suka fara hawa gefen dakali da ƙarafan matattakala da shi suna zamewa, abin ya zama wasa mai zaman kansa. Ya shiga gasar X Games tun karonta na farko a 1995, aka cire shi a 2005. Babana ya ce mini shi Olamfik zai je. Na duba na gaya masa cewa na katako mai taya shi ne ya shiga Olamfik a gasar Tokyo da aka yi a 2021, nasa bai shiga ba tukuna, don haka ya riƙe karatunsa da kyau.

Abin da ya fi ba ni mamaki, har na ji haushin kaina, shi ne ashe takalmin iri-iri ne. Wanda yara ke sayowa a gwanjo galibi na yawo ne: tayoyi huɗu manya, masu faɗin milimita 76 zuwa 80 ko fiye, a jere dab da juna, jikinsa da laushi, da birki na roba a dunduniya. Na hawa ƙarfe dabam yake. Tayoyinsa ƙanana ne, wajen milimita 55 zuwa 60, don mutum ya yi kusa da ƙasa. Jikinsa roba ce mai tauri da ke riƙe idon sawu. Tsakanin taya ta biyu da ta uku an bar wani kwarmi, nan ne ƙarfe ke shiga ya zauna. A ƙasan tafin kuma, gefen tayoyin, akwai faffaɗan faranti na roba mai santsi wanda shi ma ake zamewa a kai. Wasu ma ƙananan tayoyi masu tauri suke sawa a tsakiya don kada su taɓa ƙarfen. Birki kuwa babu. To yaron da ya hau ƙarfe da takalmin yawo, babu kwarmin da zai karɓi ƙarfen, taya ce za ta dira a kai. Ko ta murza ƙafa ta fice, ko ta cije ta tsaya cak jiki ya wuce gaba. Abin da ya sami Babana ke nan, da takalmin aro wanda ƙafarsa ke yawo a ciki. Ko gwanin duniya aka ba wa wannan takalmin a wannan matattakalar, ƙasa zai sha.

Ranar da aka cire simintin muka zauna mu uku da babansa. Na ce masa na yi kuskure da na karɓe takalmin ban saurare shi ba, shi ma ya yi kuskure mafi girma da ya ɓoye mini ciwo. Na san wasu za su ce a sharhi uwa ba ta ba ɗa haƙuri. Ni dai na bayar, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Muka yi yarjejeniya. Titi babu, ko da rana ko da dare. Kama bayan mota ko Adaidaita, ranar da na sake jin labari wasan ya ƙare har abada. Matattakalar mutane babu. A madadin haka zan nemo masa takalmin da ya dace da kayan kariya, kuma za a kafa masa ƙarfe a gida, inda nake gani.

Likita ya ce a ƙara jira hannun ya yi ƙwari, muka jira. Takalmin ya ba mu wahala kafin a samu, don a tarin gwanjo sai ka juya da yawa ba ka ga mai kwarmi ɗaya ba. Ƙanina da ke Sabon Gari ne ya yi ta zagaye da hoto a wayarsa har Allah ya sa aka dace. Ƙarfen kuwa wani mai walda a unguwarmu ya haɗa. Bututun ruwa ne na ƙarfe mai kaurin inci 2, tsawonsa kamar mita 2 da rabi, tashinsa daga ƙasa bai wuce taƙi ɗaya ba. Na sa ya yi masa ƙafafu masu faɗi don kada ya kife, ya toshe bakunan biyu, ya goge duk wani kaifi na walda. Da na yi masa bayanin abin da za a yi da shi ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Hajiya, ke da kanki?" Na ce ni da kaina.

Kayan kariya ba ado ba ne. Wani bincike da masana na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka suka wallafa a 1996 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan masu wannan takalmi a wuyan hannu suke, kuma wanda bai sa makarin wuyan hannu ba ya ninka wanda ya sa kusan sau 10 wajen haɗarin jin ciwo a wurin. Makarin wani ɗan abu ne kamar safar hannu mai tauri a ciki, yana sa tafi ya zame a ƙasa maimakon ya cije ya lanƙwashe. Sai na gwiwa, da na gwiwar hannu, da hular kwano. Hular ki nemi wadda ta sauko ta rufe ƙeya, domin a kan ƙarfe faɗuwar baya ita ce mugunya. Ta masu babur ta yi wa yaro nauyi. Kuma hula in ba a ɗaure igiyarta a haɓa ba, kafin kai ya isa ƙasa ta riga ta tashi.

Wata guda cur ƙarfen na jingine a bango ban bari an taɓa shi ba. Na ce sai na ga ya iya tsayawa ba birki, ya iya tafiya da baya, ya iya faɗuwa. Eh, faɗuwa ma koyonta ake: a durƙusa a kan makarin gwiwa, a bar jiki ya zame ko ya mirgina, kada a miƙe hannu a sandare. Bayan nan sai dakalin ƙofar ɗakina. Ya taho a hankali, ya yi tsalle ya dira a gefensa da ƙafa biyu lokaci guda, kwarmin ya zauna a kan gefen, ya tsaya cak, ya sauko. Ba zamiya, dira kawai. Ya yi wannan ya fi sau ɗari, har na haddace ƙarar: in ƙafa biyu suka sauka tare ƙara ɗaya ake ji, in ɗaya ta riga ɗaya sai ka ji biyu, sai kuma ka ji salati.

Zamiyar farko da ake koya ita ce wadda mutum zai taho ta gefen ƙarfen, ya yi tsalle ya juya ya fuskance shi, ƙafafu biyu a gicciye a kansa, a buɗe kaɗan fiye da faɗin kafaɗa, ya tafi a kaikaice kamar ƙaguwa. Ta biyu, ƙafar baya na kwance a tsawon ƙarfen bisa farantin nan, ta gaba na gicciye. Duk biyun sirrinsu ɗaya: gwiwa a lanƙwashe, nauyin jiki a saman ƙafafu, ido a ƙarshen ƙarfen. Yaro in ya tsorata miƙewa yake yi ya ja jiki baya, nan take ƙafafu su gudu su bar shi ya faɗi ta ƙeya. Abin da ban zata ba shi ne tafiya a hankali sosai ma tana kayarwa, don in babu ɗan gudu takalmin cijewa yake. Ni da nake ta "a hankali, a hankali" daga bakin murhu, sai da ya zo ya ce, "Umma, don Allah ki daina cewa a hankali, shi ke kayar da ni." Na koma cewa Allah ya tsare.

Sai maganar kyandir. Suna goga shi a ƙarfen don ya yi santsi. Kaɗan ake so. Ranar da wani abokinsa ya goge rabin kyandir a kai, ƙarfen ya zama kamar an zuba karkashi, Babana na hawa ya tafi ta baya, kansa ya bugi siminti. Hular ce ta tsage. Na tsare shi a gabana har dare ina lura ko zai yi amai, ko barci mai nauyi, ko ya rikice a magana, don kowanne a cikinsu na gani asibiti za mu nufa. Bai yi ko ɗaya ba, alhamdu lillahi. Hular da ta sha irin wannan bugu ta gama aiki, sai da muka sake wata. Tun daga ranar kyandir a hannuna yake, ni ke bayarwa. Kuma da yake wasa ne da ƙarfe da ƙujewa, na kai shi an duba maganar allurar tetanus ɗinsa.

To 'yar'uwa mai tambaya, ga amsata. In ɗanki yawo kawai yake so ya yi a fili mai siminti, saya masa, daidai ƙafarsa, kada ki ce a sayi babba zai girma a ciki, kuma kuɗin kayan kariya ki lissafa shi cikin kuɗin takalmin. In ba za su samu tare ba, a jira. In kuwa kin ga yana kallon masu hawa ƙarfe a waya, to ki sani zai gwada, da izininki ko babu. Juya takalmin ki duba ƙasansa, in babu kwarmi a tsakiya ki gaya masa dalilin da ya sa ba zai hau komai da shi ba. Ki riƙa duba notinan tayoyin ma, suna kwancewa, kuma yashin garin nan yana cinye boris. Ban ce kowace uwa ta kira mai walda ba. Gidan haya mai ɗaki biyu ba shi da filin wannan, wani yaron kuma ko an kafa masa ƙarfen zinare a gida sai ya fita titi. Ke kika san naki. Amma maganar kama bayan mota, wannan ba ni da sassauci a kanta, kuma ina roƙon duk wadda mijinta ko ɗanta ke tuƙa Adaidaita ta gaya masa in ya ga yara sun maƙale masa ya tsaya ya sallame su.

Yanzu yara huɗu ke zuwa gidana bayan la'asar in an taso daga Islamiyya. Kowannensu sai da na je na ga mahaifiyarsa ido da ido, na gaya mata abin da ake yi da abin da ka iya faruwa. Ɗaya ta ce ba ta yarda ba, na ce ta yi daidai, kuma ɗanta ba ya hawa, kallo kawai yake. Hula biyu ce, karɓa-karɓa suke, wanda ba hula a kansa yana zaune. Ƙanwarsa mai shekara 9 ta fara cewa ita ma sai ta koya, shi kuma ya ce ba wasan mata ba ne. Na nuna masa Fabiola da Silva, 'yar Brazil da ta yi ta karawa da maza a wannan wasa tana shiga gaban da yawansu. Bai ƙara magana ba. Babansu ya ce in dai a cikin gida ne ba shi da ta cewa.

Hajiya kuwa har yanzu ba ta ce na yi daidai ba, ban kuma sa ran za ta ce ba. Amma shekaranjiya na fito na tarar ta sa an kai mata tabarma gindin bango, tana jan carbi tana kallonsu. Da Babana ya zame ƙarfen daga farko har ƙarshe ya sauka a tsaye, sai na ji ta ce, "Kai, mai sunan malam, sake in gani."

Makarin wuyan hannu na ƙananan yara ne har yau ban samu ba, duk waɗanda ƙanina ya gani na manya ne, ga yarinya ta ƙi haƙura. Wadda ta san inda ake sayarwa a Kano ta taimaka ta rubuta mini a ƙasa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, maganar yaye.